Airis Mai Gemu: Furen Ƙasar Sanyi da Danginsa na Ƙasar Albasa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Jega zuwa Aliero a ƙarshen hunturu ba ya bukatar a gaya masa abin da ake nomawa a wannan yanki, domin hancinsa ma ya isa ya ba shi labari. Albasa ce jibge a buhuna, ana lodinta a manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan da ƙasashen maƙwabta. Amma wanda ya sauka ya ratsa cikin gonaki zai tarar da wasu 'yan fangaloli da aka ƙyale albasar cikinsu ta fitar da dogon kara mai tulin farin fure a kai. Wannan ita ce albasar iri. Manomi ya san ba ta yin wannan fure sai ta girma, kuma sai ta sha sanyin hunturu.

Wannan sani na manomin Aliero shi ne mabuɗin fahimtar wani fure da ya yi suna a lambunan ƙawa na Turai da Amurka, wanda ɗalibai da yawa sun sha ganin hotonsa a kalanda da bangon littattafai ba tare da sanin sunansa ba. Sunansa airis, kuma irin da za mu tattauna a kai shi ne dogon airis mai gemu. Masana tsirrai sun sanya shi cikin babban rukuni ɗaya da albasa da tafarnuwa, wato Asparagales, sai dai kowa da gidan ubansa. Za mu duba siffarsa, da yadda aka ƙirƙiro shi, da abin da yake bukata kafin ya yi fure, sa'an nan mu ga ko zai karɓi ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, in kuwa ba zai karɓa ba, me muke da shi a madadinsa.

Suna da Asali

Kalmar airis ta samo asali ne daga harshen Girka, kuma ma'anarta bakan gizo. An ba shi wannan suna saboda yawan launukan furensa. Larabawa suna kiransa sausan. Akwai nau'o'insa kusan 300 a daji, yawancinsu a ƙasashen arewacin duniya masu sanyi. A shekarar 1753 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda ya tsara hanyar raɗa wa halittu suna da Latin, ya kira airis na lambunan Turai da sunan Iris germanica, wato airis na Jamus. Daga baya aka gano cewa ba ɗan Jamus ba ne, barbararre ne tsakanin nau'o'i biyu na kudanci da gabashin Turai, Iris pallida mai launin shuɗi-shuɗi da Iris variegata mai rawaya.

Akwai kuma wani farin nau'i mai suna Iris albicans, ɗan asalin tsaunukan Yemen da Saudiyya. Tun ɗaruruwan shekaru ake dasa shi a maƙabartun Musulmi, ta haka ya bazu zuwa Arewacin Afirka da Andalus. A ƙasashen Italiya da Maroko kuwa ana noman airis ne domin tushensa. Akan haƙo shi, a fere, a shanya, a adana shi kimanin shekara 3 ko fiye, sai ya soma fitar da wani ƙamshi mai daɗi da masu haɗa turare mai tsada suke saye da daraja.

Siffar Furen

Ganyen airis dogo ne mai faɗi da tsini kamar takobi, launinsa kore mai ɗan toka-toka, kuma yana fitowa a jere gefe da gefe kamar mafici. Daga tsakiyar wannan mafici ne karan fure yake tasowa.

Furen yana da kunnuwa shida. Uku suna miƙewa sama su haɗa kai kamar ƙubba, uku kuma suna buɗewa su zubo ƙasa kamar leɓatun riga. A gindin kowane kunne mai zubowa akwai wani layin gashi mai laushi kamar buroshi, wanda shi ne ake kira gemu. Wannan gemu yana da aiki: alama ce da take nuna wa ƙudan zuma hanyar shiga, kuma abin kamawa ne ga ƙafafunsa. Idan ƙudan ya sauka a kan kunnen, sai ya bi gemun ya kutsa ciki neman ruwan zaƙi. A saman hanyar akwai wani rufi, wanda sashe ne na macen furen, a ƙarƙashinsa kuma namijin furen yake ɓoye da garinsa. Wajen shiga, bayan ƙudan yakan goga wani ɗan leɓe da ke bakin rufin, ya bar masa garin da ya ɗebo daga wani fure. Can ciki sai sabon gari ya zuba masa a baya. Wajen fita kuwa yakan tura leɓen ya rufe, saboda haka garin furen ba ya komawa kan macensa. Da wannan tsari airis yake kauce wa auren gida, yake samun barbara daga wani tsiro dabam.

Ƙungiyar masu airis ta Amurka, wadda aka kafa a 1920, ta kasa masu gemu gida shida bisa ga tsawo da lokacin fure. Wanda karan furensa ya kai santimita 70 ko ya wuce shi ne ake kira dogo, kuma shi ne ƙarshen yin fure a cikinsu, tsakanin watan Afrilu da Yuni gwargwadon sanyin ƙasa.

Misali Guda: Dusky Challenger

Ire-iren dogon airis mai gemu da aka yi wa rajista sun kai dubbai, amma bari mu ɗauki guda ɗaya domin mu ga abin da masu lambu suke nema. Sunansa Dusky Challenger. Gidan gonar iyalan Schreiner da ke kusa da birnin Salem a jihar Oregon ta Amurka ne ya fito da shi a 1986. Tsawon karansa ya kusa mita 1. Furensa babba ne, ya fi tafin hannun babban mutum, bakin kunnuwansa yana da lanƙwasa kamar an yi masa tattara. Launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, har da gemun: shunayya mai duhu da sheƙi. Wanda ya taɓa ganin rawanin turkuɗi da ya sha bugu a Kura ta jihar Kano, ya ga abin da ya yi kusa da wannan launi.

A 1992 wannan iri ya ci lambar Dykes, wadda ita ce lamba mafi girma da ake bai wa airis. An raɗa mata sunan William Rickatson Dykes, Baturen Ingila da ya wallafa babban littafi a kan airis a 1913. Alƙalan wannan gasa ba sa tsayawa ga launi kaɗai. Suna duba ko karan yana da ƙarfin da iska ba za ta kwantar da shi ba, da yadda rassansa suka rarrabu, da kaurin kunnuwan furen domin jure rana da ruwa, da lafiyar ganye bayan fure ya wuce. Suna kuma ƙirga tohon fure, domin kowane fure kwana 2 zuwa 3 kawai yake yi ya yanƙwane. Kara mai toho 7 ko fiye, masu buɗewa ɗaya bayan ɗaya, zai iya ƙawata lambu har kusan mako 2.

Launukan airis suna fitowa ne daga rini iri biyu da ke cikin ƙwayoyin halittar furen. Na farko shi ne antosayanin, mai ba da shuɗi da shunayya, dangin rinin da ke cikin soɓorodo da ɓawon jar albasa. Na biyu shi ne karotin da danginsa, masu ba da rawaya da ruwan lemo da ruwan hoda, irin wanda ke cikin karas da manja. Haɗuwar waɗannan biyu ce take haifar da ruwan ƙasa da ruwan tagulla da sauransu. Abin da ya gagari masu barbara har yau shi ne ja zur irin na tattasai, domin antosayanin da airis mai gemu yake sarrafawa na ɓangaren shuɗi ne.

Yadda Aka Ƙirƙiro Shi

Airis na lambunan Turai kafin ƙarshen ƙarni na 19 ƙananan furanni gare shi. A cikin kowace ƙwayar halittarsa akwai kuromosom 24, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado. Ɗalibin da ya taɓa duba bakin saiwar albasa a madubin ƙara girma zai tuna cewa ita 16 gare ta, ɗan Adam kuwa 46.

Wani malamin ilmin aikin jiki a Jami'ar Kambirij, Sir Michael Foster, wanda ya rasu a 1907, ya riƙa roƙon matafiya su kawo masa tushen airis daga Turkiyya da tsibirin Saifurus da maƙwabtansu. Waɗanda aka kawo sun fi na Turai tsawo da girman fure, kuma daga baya bincike ya nuna cewa kuromosom 48 gare su, ninki biyu ke nan. Da aka yi ta barbarar su da na Turai, sai aka samu zuriya mai girman na gabas da launukan na yamma. Ɗaya daga cikin fitattun kakannin wannan zuriya shi ne Dominion, na Arthur Bliss, wanda ya shiga kasuwa a Ingila a 1917. Kusan duk dogon airis mai gemu na yau yana da kuromosom 48.

Hanyar barbarar ba ta da wuya. Mai lambu yakan ciro namijin fure daga wani iri, ya shafa garinsa a leɓen macen wani irin, ya rataya takarda mai sunan uwa da uba. In ta kama, sai kwanso ya fito da 'ya'ya a ciki. Idan aka shuka su, sai bayan kimanin shekara 2 suke yin fure, kuma kowane ɗa da kamanninsa. Daga cikin ɗaruruwa akan zaɓi ɗaya ko biyu. Wanda aka zaɓa ba a ƙara yaɗa shi ta hanyar iri, domin 'ya'yansa ba za su gaje shi sak ba. Tushensa ake tsagawa a dasa, kamar yadda ake dasa karan rogo ko rake. Ashe ke nan duk wani Dusky Challenger da ke duniya a yau yanki ne na tsiro guda ɗaya tak.

Rumbun Ƙarƙashin Ƙasa

Tsirrai da yawa da suke fuskantar lokacin wahala a kowace shekara, fari ko sanyi, sukan tara abinci a ƙarƙashin ƙasa. Akwai hanyoyi uku da ya kamata ɗalibi ya bambance. Albasa tana tara nata ne a gindin ganye, shi ya sa in an yanka ta ake ganin zobe cikin zobe. Gwaza yana tarawa a cikin dunƙulallen kara mai tauri, wanda ba shi da zobe. Citta kuwa kararta kwanciya take yi tana rarrafe a cikin ƙasa, tana fitar da saiwa ta ƙasa da ganye ta sama, kuma irin wannan kara mai rarrafe shi masana suke kira raizom. Airis mai gemu irin na citta gare shi, amma shi nasa ba a ci, domin yana sa amai da gudawa.

Kowane raizom sau ɗaya yake yin fure a rayuwarsa. Bayan haka sai ya fitar da 'ya'ya a gefe, su ne za su yi fure a shekara mai zuwa. Saboda haka bayan shekara 3 ko 4 wurin yakan cushe, fure ya ragu, sai an tone an rarraba. Wajen dashe ba a binne shi da zurfi, akan bar bayansa a waje yana shan rana. Yana son rana ta aƙalla awa 6 a yini, da ƙasa wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Babban maƙiyinsa shi ne ruɓa mai wari da wata bakteriya mai suna Pectobacterium carotovorum take haddasawa idan zafi da laima suka haɗu. Manomin albasa ya san aikin wannan bakteriya ko da bai san sunanta ba, domin tana cikin masu mai da albasa ruwa a wurin ajiya.

Zai Yi a Jega?

Airis mai gemu ya taso ne a ƙasashen da ruwansu yake sauka a lokacin sanyi, bazararsu kuma take a bushe. Jikinsa ya saba da wannan tsari. Kafin karan fure ya taso, sai tushen ya sha makonni da dama na sanyi mai tsanani, irin wanda ma'auni yake sauka ƙasa da digiri 10 na Salshiyas, sau da yawa har ruwa ya daskare. Wannan sanyi shi ne saƙon da yake shaida wa tsiron cewa hunturu ya zo ya wuce, lokacin fure ya yi. In saƙon bai iso ba, sai ya yi ta ganye kawai.

Yanzu mu dubi ƙasarmu. Jega tana kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, a bakin gulbin Zamfara. Hunturunmu na Disamba da Janairu yana sa mu jin wuta da asuba, amma kafin azahar rana ta gasa ƙasa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da airis yake fure a Turai, zafi a nan yakan haura digiri 40. Sa'an nan damina ta zo daga Yuni zuwa Satumba da ruwa da zafi a haɗe, a daidai lokacin da tushen yake bukatar bushewa. Wato sanyin bai isa ya sa shi fure ba, daminar kuma tana kiran ruɓa. Saboda haka makaranta ko mai gida da ya kashe kuɗi ya sayo wannan tushe daga waje, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya ga ganye na ɗan lokaci, daga baya ya rasa duka. Ko a Amurka, masu lambu a kudancin jihar Florida mai zafi suna fama da wannan matsala. A Nijeriya, tsaunukan Jos da Mambila ne suka fi kusa da abin da yake so.

To, me ya sa albasa take fure a Aliero, alhali ita ma tana bukatar sanyi? Amsar ita ce zaɓe. Asalin albasa tsakiyar Asiya ne, inda sanyi yake da ƙarfi. Amma manoman ƙasar Hausa, daga Aliero har Galmi ta Jamhuriyar Nijar, sun shafe zuriya bayan zuriya suna ajiye irin albasar da ta yi fure da ɗan sanyin hunturunmu, wadda kuma take yin kai da gajeren yininmu na awa 12 ko kusa da haka. Abin da Foster da Bliss da iyalan Schreiner suka yi wa airis domin ƙawa, shi ne kakanninmu suka yi wa albasa domin abinci, ba tare da takarda da alƙalami ba.

Danginsa na Gida

Rashin airis mai gemu bai bar mu hannu rabbana ba, domin gidansu, wanda ake kira Iridaceae, ya fi yawan 'ya'ya a nahiyar Afirka, musamman kudancinta. Ɗaya daga cikinsu tana tsirowa a dazuzzukan ciyawa na Arewacin Nijeriya da damina, kuma Hausawa suna kiranta rumana. Likitan nan J. M. Dalziel ya rubuta wannan suna a ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Masana suna kiran zuriyarta Gladiolus, kuma fitacciyar cikinsu ita ce Gladiolus dalenii, wadda ta bazu daga Senegal har Afirka ta Kudu da Yemen. Ganyenta takobi ne kamar na airis, tana da dogon kara mai jerin furanni ja-ja ko ruwan lemo da rawaya a maƙogwaro, tushenta kuma dunƙulalle ne irin na gwaza. Da rani takan bushe ta kwanta a ƙasa, ruwa na sauka ta farka. Tsarin shekararmu shi ne tsarin jikinta.

Abin lura shi ne, wannan nau'i da muke wucewa a daji ba mu waiwaya ba, Turawa sun ɗauke shi daga Afirka ta Kudu, kuma a 1837 wani mai lambu a Beljiyam ya yi barbararsa da wani ɗan'uwansa. Zuriyar da aka samu ta shiga kasuwa a birnin Gent a 1841, kuma tana cikin kakannin manyan furannin Gladiolus da ake sayarwa a kasuwannin fure na duniya a yau.

Ban da rumana, akwai albasar kwaɗi, wato Crinum, 'yar gidan su albasa, wadda take fitar da manyan fararen furanni masu jan zane a fadamu da farkon damina. Ita ma ana dasa danginta a lambunan ƙasashen waje. Sai dai a kula, tana da guba, kada sunan ya ruɗi yara. Irin waɗannan tsirrai suna raguwa a duk inda noma da kiwo da gine-gine suka cinye daji da fadama, kuma abin da ya ɓace kafin a san darajarsa ba ya dawowa.

Aiki Ga Ɗalibai

Malami zai iya kawo albasa da gwaza da citta cikin aji, a yanka kowanne, ɗalibai su zana abin da suka gani, su nuna inda kara yake da inda ganye da saiwa suke. Haka kuma za a iya rataya ma'aunin zafi a inuwa, a riƙa rubuta abin da ya nuna da ƙarfe 6 na safe da ƙarfe 2 na rana daga Disamba zuwa Fabrairu, a ƙirga kwana nawa ya sauka ƙasa da digiri 10. Da damina kuwa, ɗalibai su tambayi dattawa da makiyaya da masu maganin gargajiya inda rumana da albasar kwaɗi suke fitowa a yankinsu, su rubuta wuri da watan fure da launi. In za a haƙo domin lambun makaranta, a ɗauki kaɗan daga inda suke da yawa, bayan ganye ya bushe, a kuma wanke hannu bayan an taɓa. Jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006 tana da gonar koyarwa da bincike a Jega, kuma nan wuri ne da malami zai iya neman taimakon tantance sunan abin da aka samo.

Kammalawa

Dogon airis mai gemu ya cancanci sunan da ya yi, amma kyansa sakamako ne na abu biyu: yanayin ƙasar da ya taso a cikinta, da haƙurin mutanen da suka shafe fiye da shekara 100 suna barbara suna zaɓe. Na farko ba mu da ikon kawo shi Jega. Na biyu kuwa muna da shi tun tuni, gonakin albasar Aliero shaida ne. Abin da ya rage shi ne a samu ɗalibin da zai ɗauki tsinke da takarda, ya shafa garin wata rumana a kan wata, ya rubuta sunan uwa da uba, ya jira damina biyu ko uku ya ga abin da zai fito.